Furen Matattu a Wurin Biki

Uwata Léontine kuku ce a babban gidan Sauvenay. Ta rasu ina jaririya, matar mai gidan ta sa aka binne ta bayan ƙaramar majami'arsu, a gindin katanga. Duk farkon Nuwamba, ranar ziyarar kaburbura, sai an kai mata tukunyar furen kirzantem. Da can kakata ke jan hannuna, daga baya ni kaɗai.

Gidan nan ya sha hannu. Jamusawa sun zauna ciki lokacin yaƙi, kuma ko su ma sun buɗe mana ƙofa, kakata tana wucewa tana tofar da yawu. Bayansu magada suka sayar wa sistocin coci, aka cika shi da yara masu tari. Sai wani mai kamfanin takalma daga Lyon, wanda ya sare rabin itatuwan lambun, amma in ya gan ni yakan cire hula. Bana wani kamfani ya saya, ya mai da shi gidan biki, ya garƙama kwaɗo a ƙofar baya.

Na je wurin magajin gari, Aristide, da na sani tun yana fitsarin kwance.

"Tanti Fernande, gidan mutane ne yanzu, ba ni da iko."

"Har da uwata suka saya? A kilo aka auna musu ita?"

"Haba Tanti. Zan buga musu waya."

"Buga. Ka gaishe min da wayar."

Ranar ziyarar ta faɗo Asabar, ana biki. Na ɗauki tukunyata, na shiga ta babbar ƙofa, na ratsa tsakiyar masu ɗaukar hoto. Uwar amarya ta ga furen, ta dafe ƙirji. A ƙasar nan kabari kaɗai ake kai wa shi. Manajan, wani Gauthier, ya taho a guje.

"Madam, don Allah! Furen matattu a wurin biki?"

"Ba na amaryarku ba ne, yaro. Ita da sauranta. Uwata ce can bayan majami'a, kun kulle ta."

Ya yi turus. Ashe ko sanin akwai kabari a wurin bai yi ba. Ya zare makulli daga zoben da ke hannunsa, ya ce don girman Allah in riƙa bi ta baya.

Na tarar ciyawa ta rufe sunanta, ga kwalaben giya an jingina da dutsen. Na kwashe, na tuge, na daɗe a zaune. Ban ji daɗi ba. Na san ba don Léontine ya ba ni makullin ba, don kar baƙi su gan ni ne. Kuma gidan za a sake sayar da shi, ni kuwa na haura tamanin.

Ran Litinin na sa aka yanka min makulli na biyu, na damƙa wa Solène, 'yar ƙanen mijina. Na ce mata, duk ranar da ya ƙi buɗewa, kar ta ɓata ƙafa zuwa wurin Aristide. Gara ta jira Asabar, ranar biki.