Bencin Masu Cire Kuɗi

Dorcas ta gyara jakar a kan cinyarta, ta sake duba takardar da manaja ya miƙo mata. Lissafin bankin ne na bara, an buga shi da keken rubutu, ga hatimi a ƙasa. Aikin akanta ta karanta a jami'a, don haka ta san inda ake dubawa. Ba ta ga kuskure ko ɗaya ba.

"Kin gani?" in ji manajan, Mista Samuel, yana share gumi da hankici. "Mu ba irin bankunan da suka rushe lokacin soja ba ne. Yanzu ga farar hula sun karɓi mulki, kuɗi zai shigo gari. Ki gaya wa Baba, kashi ashirin da biyar muke ba da ruwa a shekara. Wane babban banki zai ba shi haka?"

Naira dubu ɗari da tamanin ne a jakar, 'yan hamsin-hamsin, garatutin mahaifinta na shekara ashirin da bakwai a masaƙa a Kakuri. Ba shi da komai bayan wannan. Yana son ƙaramin bankin nan ne don a unguwarsu ta Romi yake, zai iya takowa da gwiwoyinsa masu ciwo, kuma wani dattijon cocinsu na cikin waɗanda suka kafa shi. Da safe ya ce mata, "Ke kika yi boko. Je ki duba. In ya yi miki, ki zuba."

"Bari in ɗan yi tunani, yallaɓai," ta ce a hankali.

Ba wani abu ta gani ba. Ita dai tun tana ƙarama ba ta iya cewa e ko a'a in mutum ya tsare ta da ido. Ta fito daga ofishinsa ta zauna a ƙarshen dogon benci da ke fuskantar kantar biyan kuɗi. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Mutum shida ne a bencin, kowa da littafin ajiyarsa a hannu.

"Matso ciki, 'yata, wannan ƙafar bencin ba ta da gaskiya," in ji tsohon da ke gefenta. Ya ce sunansa Baba Monday, facin taya yake yi a Mahuta. Yau kwana uku ke nan yana zuwa. Matarsa na asibiti, an ce sai ya kawo dubu huɗu kafin a yi mata aiki.

"Kuɗina ne fa," ya ce, yana dariyar da ba ta da ƙarfi. "Amma sai ka ce aurensa na zo nema."

Kusan minti arba'in ba a kira kowa ba. Kashiyar, wata siririyar mata da aka rubuta Irene a ƙirjinta, tana ta jera takardun da ta riga ta jera. Sai wani mai burodi ya shigo da cinikinsa ɗaure da jan kyauron roba. Yana fita, Irene ta kira suna. Wani mutum ya tashi, ya dawo yana cusa kuɗi a aljihu, jan kyauron na nan a jiki.

Dorcas ta ce a ranta wataƙila dace ne.

Aka ci gaba da jira. Wajen sha biyu wani mahauci ya kawo nasa. Ya juya baya ke nan aka kira wata malamar makaranta. Ta karɓa, ta ƙirga, ta yamutsa fuska, ta goge yatsunta a gefen zani saboda maiƙon nama. Duk tsawon zaman nan, ba wanda ya taɓa akwatin ƙarfen da ke bayan kanta.

"Kin gane, ko?" Baba Monday ya tambaya ba tare da ya kalle ta ba. "Mu nan ƙofa muke kallo, ba kashiya ba. Sai an zuba ake ɗiba."

"Kun sani, Baba? Me ya sa ba ku yi magana ba?"

"In mun yi magana wa zai ƙara kawowa? In ba a kawo ba, da me za a biya mu?" Ya saukar da ido kan jakarta, ya daɗe. "Ni ne na gaba."

Ta ji jakar ta ƙara nauyi.

"Nawa ne a ciki? A'a, bari. Kar ki gaya mini." Ya mayar da fuskarsa ƙofa.

"Sista," Irene ta kira daga bayan kanta, idonta a kan takarda, "kin gama tunanin? Ƙarfe biyu muke rufewa."

Duk bencin ya juyo. Dorcas ta miƙe, ƙafafunta sun yi tsami.

"Zan dawo tare da Babana," ta ce. Irene kai kawai ta gyaɗa, kamar ta saba jin haka.

A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da Madam Ngozi, mai sayar da manja a kasuwar Sabon Tasha, ƙawar mahaifiyarta. Ta matse baƙar leda a hammata, tana haki.

"A'a, Dorcas, 'yar jami'a! Ke ma nan kike ajiya? To, Allah na gode. Maigidana ya dame ni da surutu, wai ƙaramin banki ne, wai kaza. Bari in koma in ce masa har mai digiri na gani a ciki."

Dorcas ta buɗe baki. Ta gefen ido ta hango Baba Monday ya tashi tsaye, ya riga ya buɗe littafinsa.

"Ina wuni, Mama," ta ce.

"Lafiya lau, 'yata. Ki gaishe da Mamanki."

Dorcas ta matsa gefe, ta ba ta hanya.

Kafin ta kai bakin titi ta ji Irene ta kira sunan tsohon. Ta rungume jakar ta kama hanyar gida a cikin rana, ba ta waiwaya ba. Ran Asabar ita za a aika sayen manja wurin Madam Ngozi.