Billen Rabin Dala

Adjara irin matan nan ce da ba sa iya wuce datti. Ko gaisuwar mutuwa ta je, in ta ga tukunya da baƙi a gindi, sai hannunta ya fara ƙaiƙayi. Wannan hali ne ya sa mutanen unguwar Park Hill ke rububinta idan tsohonsu na neman mai kula da shi, kuma shi ya kai ta gidan Baba Sulaimanu.

Baba ya daɗe a Amurka fiye da zamansa a Gana, ga shi yanzu mantuwa ta kama shi. Takardunsa sun ce Kumasi, amma Kumasi yada zango kawai ya yi. Ainihin ƙauyensu na can arewa, bai kuwa taɓa gaya wa kowa sunansa ba, don yana ganin akwai lokaci. Ɗansa Abdul-Razak, haifaffen nan, yana aiki a wani gari mai nisa, kullum sai ya bugo waya.

"Anti, please, in ya faɗi sunan garin ki riƙe mini. Na yi masa promise can zan kai shi in ya rasu."

Abu ɗaya ne ke dawo da Baba hayyacinsa: gwangwanin biskit cike da kwandalolin rabin dala, waɗanda ya tara tun yana karɓar kuɗi a wurin ajiye motoci. Bayan karin kumallo sai ya zauna bakin taga da gilashin ƙara girma, ya jera su a tire.

"Zo ki gani, ɗiyata. Kuɗi ma da billensu."

Ya nuna mata wani ɗan ƙaramin harafi ƙarƙashin wuyan mutumin da ke jikin kwandalar. D, in ji shi, a Denver aka buga ta. S kuma San Francisco. Tsofaffin sai an juya su, a baya alamar take ɓoye. Akwai kuma layin da ya ware gefe guda, marasa alama ko ɗaya.

"Wasunsu na Philadelphia ne. Wasu kuma na shekarun da aka daina sa wa kowa alama ne. Kamar yaranmu na nan, fuska sumul. Ka tambaye su garinsu, su ce maka Bronx."

Wadda ya fi so ita ce mafi tsufa, baƙa ƙirin don daɗewa. Gabanta mace ce tana tafiya wajen rana, bayanta mikiya. Alamarta tana can kusa da baki, ta cinye har gilashi ma ba ya ganinta, sai dai farcen Baba ya lalubo ta. Da zarar farcen ya maƙale a wurin, sai ɗaya hannun ya tafi kan billen kuncinsa, wanda aka tsaga masa yana jariri. Nan muryarsa ke sauyawa. Ya yi zancen rafi, da kukar da ke bakin kasuwa, da turmin mahaifiyarsa. Abin da ke tayar wa Adjara tsikar jiki shi ne ba ita yake kallo ba, bayanta yake kallo, wajen ƙofa, yana murmushi.

"Baba, yaya sunan garin?"

"Bari su ƙaraso. Suna hanya. Su za su tuna mini."

Ranar Laraba ya ce sun iso bakin rafi. Ranar Alhamis ya daɗe yana lalube kafin farcen ya samu wurin, har ya yi gumi, ya ba ta tausayi. Adjara ta dubi kwandalar ta yanke hukunci irin nata: wannan baƙin dattin ne ke wahalar da tsoho.

Da ya kwanta bayan azahar, ta kai ta kicin. Ta matsa lemun tsami, ta barbaɗa hodar wanke tukunya, ta ɗauko soson ƙarfe. In Adjara ta kama abu da soso, to sai ta ga fuskarta a ciki. Tana cikin gurzawa ta ji wani nishi daga ɗakin Baba, a hankali, yana bin hannunta. Ta tsaya, nishin ya tsaya. Ta ci gaba, ya dawo. Ta ce wa ranta minshari ne, ta ƙarasa aikinta. Kwandala ta fito fara tas, sai ƙyalli take.

Da la'asar ta kai masa ita a tafin hannu tana jiran yabo. Baba ya karɓa, ya juya ta, ya sa farce. Farcen ya zagaya bakin kwandalar, ya sake zagayawa, bai samu inda zai tsaya ba. Ɗaya hannun ya tashi zuwa kunci, shi ma ya yi ta shafawa.

Adjara ta kunna fitila, ko da yake rana na nan. Ta matso. Ta dubi hotonsa na bango, ga bille nan daga gefen hanci zuwa kunci. Ta dubi Baba. Fatar wurin sumul, ko tabo babu. Tsoro ya kama ta.

Baba yana kallon ƙofa, amma babu murmushi.

"Sun zo," ya ce. "Sun leƙo, ba su gane ni ba. Sun koma."

"Baba, su wa? Baba, sunan garin."

Ya juyo ya dube ta da ladabi, irin kallon da ake wa baƙuwa.

"Can I help you, miss?" ya tambaye ta da Turanci.

Ta yi masa Hausa, ta kira sunansa, ta ambaci rafi da kuka da turmi. Sai gyaɗa kai yake, kamar mai jin yaren da bai sani ba kuma ba ya son ya ɓata wa mai magana rai.

Wayarta ta yi ƙara, Abdul-Razak ne. Ta ɗauka da hannun da ke ƙamshin lemun tsami.

"Anti, ya faɗa?"

Adjara ta riƙe wayar a kunne. Tana kallon Baba, ya jawo tirensa, ya ɗaga kwandalar ya duba gaba da baya, sannan ya ajiye ta a layin marasa alama.