Ƙuri'ar Sajan Mijinyawa

A Asata aka yanke mini cibiya, cikin garin Inugu, kuma a nan nake sayar da tuwo shekara ashirin da ɗoriya, saboda haka ba wanda zai ba ni labarin yadda unguwarmu ke komawa idan zaɓe ya gabato. Da ya rage sati guda, sai ka ga tirelolin da suka sauke albasa da tumatir a kasuwar Ogbete sun juya Arewa maƙil da mutane: masu tura baro, masu gyaran takalmi, 'yan okada, kowa rungume da buhunsa. Ba wanda ya kore su. Tun wata shekara da aka yi rikici bayan zaɓe a can Arewa, aka yi ta raɗe-raɗin za a rama a nan, suka ɗauki tafiyar kamar farilla. Rigakafi ya fi magani, in ji su. Abin da ke ba ni dariya, kuma yake ba ni haushi, shi ne yawancinsu a nan Asata suka yi rajista. Katin yana aljihu, mai katin yana Arewa, akwatin zaɓe kuma yana nan yana jiran su.

Mai tsara wannan tafiya shi ne Sajan Mijinyawa, mutumin Yelwa, tsohon soja da ya koma sayar da albasa bayan ya ajiye kaki. Shi ke sasantawa da direbobi, shi ke cewa wane ya hau wane ya jira. Kullum da rana a bencina yake cin tuwo, kuma kullum sai mun sha labarin Laberiya, inda aka tura su kwantar da yaƙi yana saurayi. "Mu muka koya musu zaɓe, Hajo," haka yake ce mini yana lashe yatsa. "Ni da bindigata na tsare akwati tun safe har aka ƙirga."

Gaskiya ne ya tsare. Amma ni na san abin da ba ya faɗa. A lokacin da suka je kai wa mutane zaɓe, sojoji ne ke mulki a gida, ba mu da namu. Da aka dawo farar hula, duk ranar zaɓe yana bakin aiki. Da ya yi ritaya, sai tirela. Sajan Mijinyawa bai taɓa jefa ƙuri'a ba a rayuwarsa.

Ranar Talata, saura kwana huɗu, wata mata ta tsaya a gaban rumfata sanye da 'yar rigar masu sa ido kan zaɓe, riƙe da tsohon hoto. Sunanta Vanessa, daga Laberiya. A hoton ga wani siririn soja tsaye kusa da wata mata mai ɗaurin zane da yarinya 'yar shekara tara, a bayan hoton kuma an rubuta sunansa da na garinsu. Ta ce wata biyu ta yi tana tambayar tsofaffin sojoji ta waya kafin aka ce mata ta nemi mai albasa a Ogbete. Na nuna mata Sajan da ludayi, ga shi nan zaune, ya yi tumbi.

Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Da Turancin buroka suka yi magana, nata mai haɗiye ƙarshen kalma.

"Baba, ni ce yarinyar nan. Ran nan, ranar zaɓenmu, an ce 'yan tawaye na zuwa, mahaifiyata ta ja hannuna za mu bar layi. Kai ka tare mu. Ka ce, 'Mama, tsaya. A ƙasarmu ko tsohuwa ba ta barin layi sai ta jefa ƙuri'arta.' Ta tsaya. Da wannan maganar ta raine mu. Saboda ita na shiga wannan aikin."

Sajan ya ajiye lomar da ke hannunsa. Na ga farin ciki a fuskarsa, na kuma ga ya saci kallona.

Ana haka wata tirela ta wuce ta bakin titi, samari sun cika ta har saman ƙarfe. Vanessa ta tambaya ina za su. Sajan ya ce, "Gida, 'yata."

"Don su yi zaɓe?" Ta dafe ƙirji. "Kwana nawa ne a hanya?"

"Biyu, in mota ba ta lalace ba."

Idonta ya kawo ruwa. Ta zaro ɗan littafi ta fara rubutu. "Abin da nake gaya wa mutane ke nan a gida. Mu da muka ga sojojinku mun san 'yan Najeriya ba sa wasa da ƙuri'a. Kwana biyu a bayan motar albasa!"

Na buɗe baki zan gyara mata, Sajan ya yi wani tari da ba na ciwo ba, sai na rufe. Da ta roƙi ya nuna mata katinsa, ya zaro shi da alfahari daga cikin leda, sabo fil kamar jiya aka buga. Ta karanta, ta yi murmushi. "Ashe kai a nan za ka yi. Makarantar firamaren nan ta bayanku tana cikin wuraren da zan zagaya ranar Asabar. Zan ɗauke ka hoto da tawada a yatsa, in kai wa Mama."

Tsoro na daji, kunya na gida. Shi kuwa Sajan duka biyun suka same shi a wuri ɗaya. Ranar Alhamis ya ɗora matarsa Bashira da yara a tirela ta ƙarshe, ya tsaya a ƙasa. Bashira ta leƙo daga sama ranta a ɓace.

"Malam, shekara goma sha biyu kana cewa mai hankali ba ya kwana a nan ranar zaɓe. Yau hankalin ne ya tafi, ko me?"

"Akwai baƙuwa," ya ce, yana kallon tayar mota.

Washegari ya zo rumfata kafin in sauke tukunya, ba kowa a bencin. Ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Hajo, don Allah, yaya ake yi?"

"Ake yin me, Sajan? Kai da ka koya wa ƙasa guda?"

"Ni daga waje nake tsayawa. Ban taɓa shiga cikin ɗan akurkin da ake dangwala ƙuri'a ba."

Na so in ƙara tsokanarsa, amma tausayi ya kama ni. Na yago tsohuwar jarida na zana mata gidaje da gawayi, na zuba manja a murfin kwalba. Ya dangwala babban yatsa, ya danna, ya haura layi. Na ce ta lalace. Ya sake, ya ninke takardar ta inda manjan ya shafi wani gidan. Na ce wannan ma ta lalace, ka zaɓi mutum biyu. Sai a karo na biyar ya yi daidai, ya zauna yana share gumi da hula.

Ranar Asabar tun da safe muka kama layi, shi a gabana. Titi shiru, ba mota ba okada. Ma'aikatan zaɓe ba su iso ba sai da rana ta take. Duk wanda ya ɗaga murya, sai in ga wuyan Sajan ya juya yana neman hanyar fita. Wani benci ya kife a cikin aji, mutumin da ya kwana cikin ramin yaƙi ya duƙa har hularsa ta faɗi. Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ibo, mai sayen albasa a wurinsa, ta ɗauko ta miƙa masa.

"Malam, yu no tirabul dis taim?" ta tambaye shi, wato bana bai yi tafiyar ba?

Ya girgiza kai. Ta ce to madalla, in an gama ya buɗe mata rumfa, albasarta ta ƙare.

Da aka zo kansa ya daɗe a cikin akurkin har na fara jin tsoro ko ya manta darasin manja. Ya fito riƙe da takardun a ninke daidai, ya jefa su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya yana kallon akwatin har sai da aka ce ya matsa.

A bakin ƙofar makaranta Vanessa ta same mu. Ta kama hannunsa ta ɗaga, ta ɗauki hoto. Sajan ya dubi yatsansa, ya dube ta, na ga ya yanke shawara.

"'Yata, ki saurare ni. Wannan ita ce ta farko. Ban taɓa yi ba. Waɗancan da kika gani a tirela ma ba zaɓe za su ba, gudu suke yi, kuma ni ke loda su. Abin da na gaya wa mahaifiyarki, faɗa kawai na yi don kada layi ya watse a ce ban iya aiki ba."

Ta ƙura masa ido, sannan ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Mama ta ce kai mai barkwanci ne. Ku 'yan Najeriya ba kwa son a yabe ku." Ta juyo gare ni. "Ko ba haka ba, Anti?"

Me zan ce? An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma ga 'yar wannan tsaye a gabana da rigar aiki, ta ƙetaro ƙasashe ta tsayar da mai ita a layi. Na ce mata tuwona yana jira na.

Ta danna wayarta ta kai ta bakinsa. "Baba, Mama ta tsufa, idonta ba ya gani sosai, hoton ba zai ishe ta ba. Ka maimaita mata maganar nan da muryarka, yadda ka faɗa ran nan."

Na ɗauka Sajan ba zai yi ba. Sai ya gyara tsayuwa, ya haɗa ƙafafu irin na da.

"Mama, tsaya," ya ce. "A ƙasarmu ko tsohuwa ba ta barin layi..."

Vanessa tana riƙe da wayar tana jiran sauran. Ya goge ido da bayan hannu, yana kaffa-kaffa kada ya shafe tawadar.

"Mama," ya ce, "ni ma yau na tsaya."