Haka Ne, In Ji Baba

Mahaifinta ne ya laƙaba mata suna Rediyo tun tana 'yar mitsitsiya, kuma duk wanda ya taɓa zama da ita ya san bai zalunce ta ba. Shi kansa mai gyaran rediyo ne, saboda haka ya san abin da yake faɗa. Yakan ce kowane akwati aka kawo masa shago yana da wurin kashewa, ban da wannan da aka haifa masa a gida.

Bara ne Baba ya rufe shagon. Wata safiya ya fita kamar kullum, kafin rana ta yi tsaka sai ga shi ya dawo rungume da akwatin kayan aikinsa. Ya tura shi ƙarƙashin gado, ya ja kujera bakin taga ya zauna, kuma tun daga ranar nan ne mazauninsa. Mutumin da a da in ya kama ba da labari sai shayi ya huce a kofi, ya koma sai kallon titi.

Kowa a gidan ya samo wa abin dalili. Umma ta ce gajiya ce, jiki da jini. Yayan Rediyo ya ce kasuwa ce ta mutu, wa ke gyara rediyo yanzu da kowa ke da waya a aljihu? Ita kuwa Rediyo ta ce ido ne, tsufa ya taɓa shi. Kowa a gaban Baba ya faɗi nasa, kuma kowa amsa ɗaya ya samu.

"Haka ne," in ji Baba.

Wannan amsa ta tsaya wa Rediyo a rai. Ta yaya dalili uku za su zama haka ne gaba ɗaya? Ruwa ba ya tsami banza. Tana kewar mahaifinta alhali yana zaune a ɗaki ɗaya da ita, kuma tana so ta san abin da ya mayar da shi haka.

Tana karatun nazarin zamantakewa a jami'a, a shekarar da ake fitar da ɗalibai daga aji a tura su cikin mutane su koyi bincike da ƙafarsu. Malamar da ke wannan darasi wata gajeriyar mace ce mai takalmi marar tudu, ɗalibai na kiranta Dakta. Ba ta ɗaga murya, amma in ta dubi mutum ta saman gilashinta sai ya tuna duk aikin da bai yi ba. Ta raba su biyu-biyu, ta ba kowane biyu na'urar ɗaukar murya, ta ce su zaɓi wuri su je su gano yadda mutanensa ke rayuwa.

"Ku faɗa musu ko ku su wane ne," in ji ta. "Ku nemi izini kafin ku kunna na'ura. Kada ku rubuta sunan kowa. Sannan ku yi tambaya, ku saurara."

Rediyo ta rubuta ukun farko da kyau. Lokacin da aka faɗi na huɗun tana bayyana wa ta kusa da ita wurin da za ta zaɓa: layin masu gyara da ke bayan tashar mota, inda shagon Baba yake a da. Abin nema ya samu. Za ta yi aikin makaranta, ta kuma binciko abin da ke korar masu gyara daga sana'arsu. Aka haɗa ta da wani dogon saurayi da ake kira Tabarau, wanda tun shigarsu jami'a ba ta ji ya haɗa jimla uku a jere ba.

Layin siriri ne, shaguna na kallon juna, kowace ƙofa da teburinta. A kan wannan fanka ce aka tuɓe mata keji, a kan wancan wayoyi ne a buɗe cikinsu waje, ga warin dalma mai zafi yana bin iska. Shagon Baba ya koma wurin sayar da rigunan waya da igiyoyin caji, amma in ka ɗaga kai za ka ga inuwar tsohon rubutunsa a ƙarƙashin sabon fenti. Rediyo ta ɗauke kai da sauri, ta nufi mai gyaran fanka.

Ta gaishe shi, ta yi bayani, ta nemi izini, Tabarau ya kunna na'ura.

"Malam, sana'ar nan ta yi wuya yanzu ko? Ai mutane sun daina gyara, da abu ya lalace sai su yar su sayi sabo, ko ba haka ba?"

"Eh to, haka ne."

"Ga kuma tsufa. Ido ya raunana, ba ya ganin ƙananan abubuwa, dole mutum ya haƙura ya koma gida."

"Haka ne kam."

Haka suka bi layin shago bayan shago. Rediyo ta koma makaranta tana ta murna, ta ce ba ta taɓa ganin mutane masu sauƙin kai irin waɗannan ba, duk bakinsu ya zo ɗaya. Tabarau ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, ya ga babu wurin shiga, ya rufe.

A aji Dakta ta saba kunna abin da kowa ya ɗauko a gaban kowa. Da aka zo kan nasu, muryar Rediyo ta cika ɗakin, tana hawa tana sauka, can sai ka ji wani bawan Allah ya samu 'yar kafa ya ce haka ne. Tun ana danne dariya har aka kasa. Dakta ta kashe na'urar, ta duba ta saman gilashi.

"Da wa aka yi hirar nan?"

"Da masu gyara, Dakta."

"Ni dai na ji an yi hira da ke, kuma na ƙaru sosai. Yanzu na san ra'ayinki a kan komai." Aka sake fashewa da dariya, Dakta ta ɗaga hannu aka yi tsit. "Ba ke kaɗai ba ce, rabinku haka kuka yi, naki ne dai ya fi fitowa fili. Kin tafi da amsarki a jaka kina neman wanda zai sa mata hannu. Mutum yana cikin aikinsa, baƙuwa ta zo ta faɗa masa damuwarsa, me zai ce? Haka ne ita ce hanya mafi sauri ta rabuwa da ke. Ki koma. Ki yi tambayar da ba a iya amsa ta da eh ko a'a, sannan ki rufe bakinki. Shirun zai yi miki nauyi, za ki ji kamar za ki mutu. Ba za ki mutu ba. Ki jira."

Rediyo ta ji kunya har cikin ƙashinta, ta kuma ji haushi, don gaskiya ce. A hanyar komawa layin, Tabarau ya yi magana mafi tsawo a tarihinsa. Ya ce in ta yarda, duk lokacin da ya ga za ta katse mutum zai taka mata ƙafa. Ta yarda, don ba ta zaci za a kai ga haka ba.

Wannan karon suka fara da mai gyaran agogo, wani dattijo da teburinsa ke manne da tsohon shagon Baba. Ya gane ta, ya sa aka ba su benci.

"Baba mai agogo, yaya yininku yake kasancewa a layin nan?"

Dattijon bai ko ɗago kai ba. Ya ci gaba da juya wani ɗan ƙaramin sukuru. Rediyo ta ji amsa na taso mata har maƙogwaro, ta ja numfashi, sai ta ji takalmin Tabarau a kan yatsunta. Ta haɗiye. Wata mota ta yi ƙaho a tasha, wani ya wuce da baro. Can dattijon ya ajiye agogon, ya fara magana, kuma da ya fara bai tsaya ba. Ya ce aiki bai ƙare a layin ba, sauya kama ya yi. Ya ce har yanzu tsofaffi na zuwa da rediyonsu a hammata suna tambayar mahaifinta.

"Aiki ya bari a kan tebur ranar da ya tafi," in ji shi.

"Ai idonsa ne ya..." Takalmin ya sake sauka.

"Ido? Mutumin da in sukuru ya faɗo min ƙasa shi ke riga ni gani? Ni dai abin da na lura, gab da tafiyarsa ya sauya min. Sai in gaishe shi yana aiki, ko ya juyo. In kira shi shan shayi, ya yi banza da ni. Akwai wata mata da ta dawo da rediyonta sau biyu tana faɗa wai bai gyaru ba. Na ga ya kunna, ya ɗora tafin hannu a kai, ya daɗe a tsaye. Washegari ya kwashe kayansa." Dattijon ya dube ta, idonsa ya yi ja. "'Yata, tun muna samari muke maƙwabtaka. Ki tambayar min shi, me na yi masa?"

Rediyo ta yi masa alkawari za ta tambaya. Da yamma ta koma gida ba na'ura, ba Tabarau. Umma na can baya tana shanya. Baba na kujerarsa, ya ba ƙofa baya. Ta tsaya daga bayansa, ta shirya tambayarta yadda Dakta ta koyar.

"Baba, ranar da ka rufe shago, me ya faru?"

Ta rufe baki ta jira. Shirun ya yi tsawo, ya yi nauyi, tana ta ce wa kanta dabarar Dakta ce ke aiki. Sai da inuwarta ta motsa a bango Baba ya juyo. Ya ga ta zuba masa ido bakinta a rufe, ya yi ɗan murmushi.

"Haka ne," in ji shi.

Wannan tambaya ba ta da inda haka ne za ta zauna. Ta ɗaga littafin da ke hannunta ta kare bakinta, ta ce da muryar da ta saba, "Baba, me kake so a dafa yau?" Yana kallonta, yana jira. Da ta sauke littafin ya gyaɗa kai.

"Haka ne, Rediyo."

Ta jawo ƙaramar kujera ta zauna dab da gwiwarsa, inda hasken taga ke kan fuskarta. Ta ɗaga murya, ta ware kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Baba. Me ka ji a rediyon matar nan?"

Murmushin ya ɓace. Ya dubi hannuwansa. Bakin Rediyo cike yake da asibiti da likita da don me da tun yaushe, ga shi ba mai taka mata ƙafa, sai ta ɗora ƙafarta ɗaya a kan ɗayar ta danne.

"Ban ji komai ba," in ji Baba daga ƙarshe. Muryarsa ta fi yadda ya kamata ƙarfi, kuma sai yanzu ta lura. "Ta ce yana gurnani. Na kara kunne, shiru. Sai da na ɗora hannu na ji akwatin yana rawa. Gaskiyarta ce. Mai gyaran rediyo da ba ya jin rediyo, me ya rage masa? Na ji kunya, na tattara."

"Me ya sa ba ka faɗa mana ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kowa faɗa min yake yi." Ya ɗan yi dariya. "Bakinku nake kallo. In ya tsaya, in ce haka ne. Ke naki bai cika tsayawa ba, shi ya sa zama da ke ya fi min sauƙi."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. Shekara guda tana zuba masa labari tana ganin ɗebe masa kewa take yi, ashe shi kaɗai yake a zaune. Ta jira har numfashinta ya daidaita.

"Mai agogo yana tambaya," ta ce da ƙarfi, "wai me ya yi maka. Yana gaishe ka ba ka amsawa."

Baba ya miƙe zaune kamar an tsikare shi. "Gaishe ni yake yi? Ni kuwa na ɗauka shi ya daina kula ni!" Ya dafe kai. "Gobe ki raka ni wurinsa. Ki riƙa tsayawa ta nan, hannun dama, kunnen wannan ɓangaren da sauran ji."

Ta zagaya ta hannun dama, ta kai bakinta kusa da kunnensa. Da yake hali zanen dutse ne, nan take ta kama ba shi labarin layin: an yi wa shagonsa fenti, mai fanka ya ƙara ƙiba, mai agogo ya ce tun suna samari shi ya fara kafa tebur a wurin kafin Baba ya zo.

"A'a," in ji Baba, ya ɗaga yatsa. "Ba haka ba ne. Ni na riga shi. Ki yi shiru in faɗa miki yadda aka yi."

Rediyo ta rufe bakinta. Umma ta shigo da kwandon wanki, ta ji muryar mijinta ta cika ɗakin, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ajiye kwandon ba.