Ɓera Mai Ciki a Ranar Addu'ar Dabbobi

Kwalba ɗaya ce ta rage wa Chizuru ta kammala digirinta na biyu, kuma kwalbar nan ta ƙi cika.

Sauran suna jere a kan kanta, kowace da mahaifar ɓeran daji a cikin ruwan magani. Ga ta hunturu, rassanta biyu sirara kamar zare, lokacin da fata ke rufe ƙofar haihuwa gaba ɗaya. Ga ta bazara, ta kumbura ta yi ja. Ga ta bayan haihuwa, da ɗige-ɗige baƙaƙe a inda kowane ɗa ya zauna. Ta tsohon ciki ce babu, wadda rassanta ke yin ƙulli-ƙulli kamar kwanson wake. In ƙanƙara ta rufe dajin Hokkaido, ɓeraye sun daina ɗaukar ciki, ita kuma sai ta ƙara shekara.

Da safiyar nan ta buɗe tarkon ƙarshe a gindin itace, ta ga mace, ciki har yana jan ƙasa. Ta sa ta a keji, da gudu ta dawo tashar bincike.

A bakin ƙofa ta ci karo da Mitsugu, babban ɗalibin ɗakin bincikensu, sanye da baƙar kwat, rungume da fararen furanni.

"Ina zuwa da takalmin laka, 'yar ɓeraye? Kin manta yau addu'ar dabbobi?"

Ta manta. Sau ɗaya a shekara ake taruwa gaban dutsen bayan gini, a gode wa dabbobin da aka yanka don bincike. Ranar ba a taɓa wuƙa.

"Yaya Mitsugu, duba cikinta. Ba za ta kai gobe ba, haihuwa za ta yi."

"Ke ungozomarta ce? Je ki gaya wa Malam da kanki."

Farfesa Shirahata yana gyara ɗamarar wuyansa a gaban taga. Chizuru ta rusuna, ta ɗaga kejin. Ta shirya magana mai tsawo a hanya, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Malam, na samu."

"Madalla. Sa mata auduga da abinci. Gobe da safe."

"Malam, wai da..."

"Gobe, Chizuru."

Ta sake rusunawa.

A gaban dutsen aka jera kabeji da karas da 'ya'yan furen rana. Malamin haikali ya ja karatu, ya ja, kamar ba zai ƙare ba. Aka bi layi ana kunna turare, manya kafin ƙanana, ita ce ta ƙarshe. Ta haɗa tafukanta ta runtse ido, ba abin da take roƙo sai ɓerar nan ta ƙara haƙuri. Daga nan aka ɗauki hoto, aka zauna cin shinkafa, kuma ƙaramar ɗaliba ba ta tashi kafin malaminta.

Ko da ta koma ɗakin, audugar tana motsi. 'Ya'ya jajaye, ba gashi, sun manne da cikin uwar da ya riga ya saɓe.

Mitsugu ya leƙo ta saman kafaɗarta.

"Kai! Barka, Goggo. Wa zai raɗa musu suna?"

Chizuru ta ɗauki kwalbar da ba komai a cikinta, ta mayar can bayan kanta inda ba za ta riƙa ganinta ba. Ta taga, ƙanƙarar farko ta soma sauka a kan kabejin da aka bari gaban dutse.

"Ruwansu ya ƙare fa," in ji Mitsugu.

Ta fizgi butar ruwan ta fita ɗebo musu.