Mastan Birkin Alhaji Dauda

Sabo na fitowa da buta ya ga bonet ɗin Fijon maƙwabcinsa Alhaji Dauda a ɗage, wani ƙato ya tura kai ciki har kafaɗa. Kabiru ne, bakaniken nan na Rigachikun mai ɗora hoton aikinsa a waya. Ya zaro mastan birki, wato famfon da ke tura man birki, ya naɗe a tsumma kamar abin gadonsa.

"Ina kwana, Baba?"

Sabo ya amsa da hanci. Tun motar nan tana da leda a kujera shi ke gyara ta. Duk Unguwar Shanu an san tsohuwar 504 ɗin mutum biyu gare ta, Alhaji mai takardu da Sabo mai sifana. Yau ga wanda aka haifa bayan an saye ta yana yi mata tsirara a bakin titi.

Kishi ya hana shi sakat. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, yana jin tarin Alhaji safe da yamma, amma ya ɗauke ƙafa. A majalisa kuwa sai ya kama huɗuba: "Masta ba wasa ba ne. Sai an goge ciki tas, an nemo robar asali. Waɗannan kuwa robar da suka samu suke cusawa, a je a kashe mutane a shataletalen Kawo." Babu wanda ya tambaye shi.

Ran Laraba Lubna, autar Alhaji, ta leƙo da kayan ofis a jikinta. "Baba Sabo, Abba na kira."

Ya tarar da Alhaji a kwance, ya ƙanƙance, ga warin magani ya cika ɗakin.

"Fushi ake, Injiniya?"

"Ni a wa? Motarka ce."

"Da kai na ba, da ka fi shi gyarawa. Na sani."

"To me na yi?"

Alhaji ya daɗe yana neman numfashi. "Lubna na bar wa motar. Ni da kai layi ɗaya muke bi, na dai riga ka kaiwa gaba. So nake ta saba da wanda za ta daɗe tana tararwa a gareji."

"Wato ka binne ni tun ina tafiya."

Alhaji ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sabo bai yi ba, don maganar ta soke shi, kuma ya san ba ƙarya a ciki. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya fita, da niyyar in ya huce ya dawo su ƙarasa. Bai gama hucewa ba, da hantsin Juma'a ya ji salati ta bayan katanga.

Bayan sadakar uku Kabiru ya dawo da mastan. Sabo na kan benci yana kallonsa ta wutsiyar ido, yana jiran kuskure. Kabiru ya ɗaura, ya zuba mai, ya waiga. Lubna na ciki wurin masu gaisuwa.

"Baba, don Allah a taka min birki in fitar da iska."

Wannan aikin Alhaji ne. Shi ke zama yana takawa, Sabo na ƙasa yana ba da umarni. Ya so ya ce yana da uzuri, sai ga shi ya buɗe ƙofa. Kujerar ta lotsa daidai jikin mai ita, ta yi wa Sabo nisa, amma bai matso da ita ba.

"Taka! Taka! Riƙe!" in ji Kabiru daga ƙarƙashi.

Ya taka, ya riƙe. Suka yi ta yi, taya bayan taya, har birkin ya yi tauri ƙam, irin yadda yake lokacin da motar ke sabuwa. Ba abin kushewa ko ɗaya.

"Ya kama, Baba?"

Kabiru ya fito daga ƙarƙashi, ya leƙo ta taga.

"Baba, an gama. A saki."

Sabo na zaune, hannu biyu a kan sitiyarin da tafin Alhaji ya cinye wa fenti, ƙafarsa a miƙe tana danne da birkin motar da ba ta tafiya ko'ina.