Hanjin Mahauci

Takardar asibiti, a ninke huɗu. Hotunan ciki biyu cikin babbar ambulan. Gorar ruwa. Riga ɗaya ta canji. Ɗan dutsen wasa wuƙa, wanda ya saba zama a aljihunsa shekara arba'in. Abinci kuwa babu, don tun jiya aka hana shi, aka ba shi wani ruwa mai gishiri-gishiri da ya wanke masa ciki tas.

Bas ta faɗa rami ta fito. Tsohon mahaucin ya dafe cikinsa. A mahauta Wuƙa Ɗaya ake ce masa, don bai taɓa maimaita yanka ba. Autarsa, malamar makaranta, tana gefensa da jakar a cinya.

"Dubawa kawai, Auta," ya ce. "Abin da na yarda da shi ke nan."

"Na ji, Baba."

"Ba ki ji ba. Idonki irin na uwarki ne, yana cewa to, yana shirya wani abu."

Wata uku yana ganin jini a bayan gida, wando kuma ya fara zame masa. Likita ta ce hoto ya nuna ƙari a babban hanji. In dubawar yau ta tabbatar, sai a yanke wurin a haɗa sauran. Nan suka raba gari. Shi ya san hanji. In wuƙa ta kuskure ta huda shi, abin da ke ciki ya zubo, nama ya ɓaci. Ya kori ma'aikata a kan haka. Yanzu kuma wata da ya girmi ubanta tana cewa za ta yanka nasa da gangan.

Ɗakin dubawa ƙarami ne, da sanyi. Gado siriri, allo a kan ƙarfe, da wani baƙin bututu mai fitila a kai. Da nas ta kawo allurar barci sai ya janye hannu.

"Ba a taɓa feɗe dabba a wurina ina barci ba. Balle ni."

Likitar ta dube shi ta saman gilashinta. "Za ka ji murɗa, Baba."

"Wata uku ina jin ta."

Suka kwantar da shi ta gefen hagu, fuskarsa na kallon allon. Likitar ta tura bututun ta duburarsa. Kunya ta zo ta wuce. Murɗa ta zo ta zauna. Daga nan allon ya haskaka.

Ya ɗauka zai ga abin da ya sani: igiya mai launin toka, mai sanyi, a kwance cikin daro. Sai ga wata hanya, jaja-jaja, tana sheƙi kamar cikin bakin jariri. Zobe bayan zobe, tana lanƙwasa ta ɓace. A jikin bangon jijiyoyi ne sirara, sun fi gashi siranta, sun yi rassa kamar bishiya.

Sai bangon ya motsa. Ya tsuke a hankali, ya saki.

"Ke kika taɓa shi?"

"A'a. Aikinsa yake yi. Haka yake tura abinci, kana barci kana farke."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haife ka."

Dabbobin da suka bi ta hannunsa sun fi a ƙirga. Ya wanke hanji, ya juya shi, ya auna shi da kamu. Bai taɓa ganin guda ɗaya yana raye ba.

"Ina muke yanzu?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar baƙo a gidan mutane.

"Muna hawa ta gefen hagu. Can sama zai karya kwana ya ratsa ƙarƙashin tumbi, ya sauko ta dama, inda ƙaramin hanji yake haɗuwa da shi."

"Tumbi nawa?"

"Ɗaya."

"Rago huɗu gare shi," ya ce. "Ashe ya fi mu."

Nas ta yi dariya. Likitar ba ta yi ba, ta tsayar da bututun.

Bai buƙaci a nuna masa ba. Wani dunƙule ne, mai kaushi, baƙi-baƙi, ya cinye fiye da rabin hanyar. Idon da ya saba ware nama mai kyau da marar kyau ya gane shi nan take. Da a kan teburinsa ne, da tuni ya yanke ya jefar.

Bayan ya sa riga, suka zauna a ofishinta, Auta tana tsaye a bayansa. Likitar ta zana hanjin a takarda, ta ja layi biyu.

"Na ɗebi kaɗan za a gwada, amma ko me sakamako ya ce, wannan ya kusa toshe hanya. Daga nan zuwa nan zan cire. Taƙi ɗaya da 'yan kai. Sai in ɗinke bakin biyu."

"Ke tela ce? Ɗinki ba ya riƙe ruwa."

"Ba ya riƙewa. Kwanaki kaɗan kawai nake roƙon zaren ya riƙe min. Ka san tantanin kitsen nan da hanji yake rataye a jiki?"

"Na sani. Shi muke fara zarewa."

"Ni shi nake lallaɓawa. Ta cikinsa jini yake zuwa. In jini yana kai wa bakin biyu, su da kansu suke haɗewa su zama nama ɗaya."

"In bai haɗe ba fa?"

"Yana faruwa. Ba sau da yawa ba, amma yana faruwa. Sai in sake buɗewa, wataƙila in fitar maka da hanya ta gefen ciki na wani lokaci. In kuma ba a taɓa shi ba, zai toshe. Wannan ba wataƙila a ciki."

Ya miƙe. "Mun gode, Likita."

A baranda Auta ta riƙe kukanta, ta riƙe jakar. "Baba, don Allah..."

"Yi shiru, ina sauraro."

Ya tsaya, tafin hannunsa a kan cikinsa. Mutane suna wucewa, wata da goyo, wani da sanda, mai shara da bokiti. Kowa yana ɗauke da wannan hanyar a cikinsa, tana tsukewa tana saki, ba wanda ya umarce ta. Can ƙarƙashin hannunsa wani abu ya yi ƙugi, ya motsa.

Ya zaro dutsen wasa wuƙar daga aljihu, ya sa a hannun Auta.

"Riƙe min wannan."

Ya juya ya koma ofishin. Likitar ta ɗago kai. Ya tura ƙofar da kansa har sai da ta rufe.

"Duk hanjin da na yanka a duniya matacce ne," ya ce. "Kawo takardar in sa hannu. Amma abin da kika cire, ki ajiye min in gani."